Inda Ƙarfin Maigida Ke Tafiya

A watan Afrilu, idan rana ta take a Sakkwato, zafi kan haura digiri 40, kwanon rumfuna ya riƙa huci. Da misalin ƙarfe biyu na irin wannan rana, wanda ya leƙa shagon wani babban ɗan kasuwa a Babbar Kasuwa ko a Tsohuwar Kasuwa zai iya tarar da kaya maƙil, yara uku ko huɗu na zaune a kan benci, mai saye na tsaye da kuɗinsa a hannu, amma ciniki ya ƙi faɗawa. Ya yi tayi, an ce albarka. Ya ƙara, yaran sun dubi juna. Daga nan sai amsar da kowa ya sani ta fito: “Sai Alhaji ya zo.”

Alhaji kuwa tun bayan asuba yake kan ƙafa. Ya je jana'iza a wata shiya, ya wuce ɗaurin aure, ya tsaya sasanta rigimar fili tsakanin 'yan'uwa, yanzu kuma yana zaune a ofishin wani jami'i yana jiran takardar kwangila. Wayoyi biyu ne a aljihun rigarsa, duka suna ƙara. Makullin sito yana wurinsa, lissafin bashi yana kansa, farashin ƙarshe na kowane kaya shi kaɗai ya san shi. Idan ya dawo gida bayan isha'i, zaure cike yake da masu jira.

Wannan mutum ba rago ba ne, ba kuma azzalumi ba ne. Yana da kuzari, yana da tsoron Allah daidai gwargwado, yana kuma da burin barin abin da zai ɗore bayan ransa. Abin da ke cin sa shi ne ƙarfinsa da aƙidarsa da burinsa ba alƙibla ɗaya suka fuskanta ba. Bakinsa yana cewa so yake ya gina kamfanin da jikoki za su gada, amma yininsa yana ƙarewa a wuraren da ba su da alaƙa da ginin. Zuciyarsa tana son amana, amma bai shimfiɗa tsarin da amana za ta tsaya a kai idan ba ya nan ba. Kamar shanun huɗa ne biyu da kowanne ke ja gefensa: za a yi gumi har magariba, kunya ba ta miƙe ba. Ana yawan ɗora laifin mutuwar kasuwanci a Arewa a kan rashin jari da rashin wutar lantarki, kuma duk gaskiya ne. Amma wannan rarrabuwar da ke cikin maigidan kansa tana kashe shaguna da yawa waɗanda jari bai taɓa yi musu ƙaranci ba.

Maganar ba ta Alhaji da iyalinsa kaɗai ba ce. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa, jihar Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta. A jiha irin wannan, kowane shago da ke ciyar da gidaje goma ya zama dukiyar jama'a. Idan ya rufe saboda maigida ya kwanta ciwo, ko saboda magada sun raba kaya kowa ya kama gabansa, 'yan dako da direbobi da dillalai da masu sayar da abinci a bakin layin duk sun shiga uku.

Abin da ya sa wannan hali ya fi ciwo a Sakkwato shi ne, garin nan an kafa shi ne a hannun mutanen da suka yi zurfin tunani a kan wannan matsala tun fiye da shekara 200 da suka wuce. Ruwayoyin tarihi sun nuna Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tufka igiya don neman abin kansa, alhali dubban mutane suna bin sa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya gina ganuwar Sakkwato a 1809 kuma ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, masu tarihin zamaninsa sun shaide shi da cin guminsa maimakon dogaro da baitulmali. Bello ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman halal, Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib. A wani littafin, Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin raya masu sana'a, manoma da maƙera da majema da maɗinka, da gyara kasuwanni da hanyoyi. A wurinsu ibada da neman abinci da shugabanci duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mutumin da yake hana hannunsa taɓa dukiyar jama'a dole ya sami sana'a, kuma dole ya ware mata lokaci a cikin yininsa. Haka aƙida take sauka daga baki ta shiga jadawalin rana.

Labarin da ya fi dacewa da 'yan kasuwar yau shi ne na Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu. Wajen shekarar 1807, ana tsakiyar yaƙi, nasara tana ta zuwa, Malam Abdullahi ya dubi rundunar da yake cikin jagororinta ya ga son duniya ya fara shiga, ganima da muƙami sun fara rinjayar abin da aka fito dominsa. Sai ya juya ya kama hanyar gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano, jama'ar garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, daga baya kuma ya koma wurin yayansa. Abu biyu ne abin lura a nan. Ya gane cewa aiki yana iya bunƙasa a idon mutane alhali ya kauce daga manufarsa, kuma ya gane hakan da wuri saboda yana binciken kansa. Sa'an nan da ya tashi gyara, bai tsaya ga wa'azi ba, ƙa'idoji ya zauna ya rubuta, waɗanda wani zai iya bi ko shi ba ya wurin. Bayan shekara 150, Sardauna Ahmadu Bello, jikan wannan gida, ya tafiyar da Jihar Arewa a ƙarƙashin taken aiki da ibada, kuma a zamaninsa ne aka kafa masaƙar Kaduna da Bankin Arewa da kamfanin simintin Sakkwato.

To ina aka kwana a kan ƙarfin jiki? 'Yan kasuwarmu suna lissafin komai, buhu da kwali da kuɗin mota da la'ada, amma ba sa lissafin barci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna mutum 745,000 ne suka mutu a shekarar 2016 ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Babban ɗan kasuwa a Sakkwato yakan cika awa 55 kafin Alhamis. Ga tafiyar dare zuwa Kano ko Legas, ga zafin bazara, ga hawan jini da ciwon sukari da ba a auna su sai sun kayar da mutum. Kowa a kasuwa ya san wani maigida da aka ce jiya lafiya lau aka rabu da shi, yau hannu da ƙafa sun daina motsi. A Ingila, shugaban bankin Lloyds na lokacin, António Horta-Osório, ya ajiye aiki na kusan wata biyu a ƙarshen 2011 saboda gajiya da rashin barci, bankin ya ci gaba da tafiya har ya dawo, domin akwai waɗanda aka tanada su riƙe. A shagon Alhaji, ko zazzaɓin kwana uku yana tsayar da ciniki.

Kada a ɗauka ana cewa a bar zumunci. Jana'iza da gaisuwar mara lafiya da sulhu haƙƙi ne, kuma su ne suka sa mutumin Sakkwato ya zama abin da yake. Mai dukiyar da ya rufe ƙofarsa ga dangi ba abin koyi ba ne. Tambayar ita ce ko dole ne shago ya tsaya cik duk lokacin da maigida ya tafi sauke waɗannan haƙƙoƙi. Wanda ya ɗauki zumunci da muhimmanci shi ya fi kowa buƙatar wakilin da zai iya yanke farashi, domin ya tafi ta'aziyya da zuciya ɗaya, wayarsa a kashe.

A nan ne masu shaguna kan ɗaga hannu su ce yaran yanzu ba su da amana. Ba ƙarya suke yi ba. Akwai wanda ya damƙa wa ɗan ɗakinsa sito ya dawo ya tarar da rabi, akwai wanda aka yi wa alat na bogi da haɗin bakin yaronsa. Amma a duba yadda ake riƙe yaran. Saurayi zai yi shekara goma a shago ba albashi tsayayye, sai abin da Alhaji ya ga dama ranar da ransa ya yi fari. Ba a faɗa masa ranar da za a sallame shi ba, ba a faɗa masa da me za a sallame shi ba. Yana ganin miliyoyi na wucewa ta hannunsa, aurensa ya gagara. 'Yan kasuwar Ibo, waɗanda shagunansu na kayan gyaran mota da kayan gini suke nan cikin Sakkwato, sun daɗe da warware wannan: yaro yana shiga hannun ubangida da yarjejeniya a gaban iyaye, ya yi shekarun da aka yanka, yawanci biyar zuwa bakwai, a ba shi jari ya buɗe nasa. Sanin ranar sallama yana tsare hannun yaro fiye da kwaɗo.

Ba ma sai an je Onica neman misali ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa na kamfanin Neja daga 1918. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa azurfarsa ajiya. Mutum ɗaya ba ya iya zagaye ƙauyukan Kano yana auna gyaɗa. Abin da ya yi shi ne tara wakilai, ya ba su jari, ya bi lissafinsu, shi kuma ya tsare kansa daga almubazzaranci. Kafin rasuwarsa a 1955 ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyyar kada su wargaza kamfanin. Sunan gidan yana nan a kasuwanci har yau, kuma Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Addini ma bai bar amana a kan fatar baki ba: aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk da haka sai a ga mahaddaci yana ba da kayan miliyan biyar ba ko takarda, yana jin kunyar ya ce a rubuta.

Gobarar da ta cinye babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ta nuna fuskokin abin duka biyu. Wanda littafin bashinsa yake cikin durowar shago, ba kwafi a gida ko a waya, ya rasa kaya ya kuma rasa hujjar abin da yake bin mutane. A ɗaya gefen kuma, abin da kan tayar da ɗan kasuwa bayan irin wannan masifa shi ne sunan da ya gina a wurin masu ba shi kaya a Kantin Kwari ko Singa. Wanda bai taɓa saɓa ranar biya ba, waya ɗaya zai buga a loda masa mota.

Babban misalin shugabancin kasuwanci a Sakkwato yana Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko, inda dutsen farar ƙasa yake shimfiɗe. An kafa kamfanin simintin Arewa da ke can a 1962, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Ya daɗe a hannun gwamnati, aka sayar da shi a 2000, ya bi ta hannaye kafin ya faɗo hannun BUA, kamfanin da Abdussamad Isyaka Rabi'u ya kafa a 1988. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi, a Janairun 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani mai tan miliyan 3. Kafin a buɗe waɗannan layuka akwai wani mataki da ya kamata ƙananan 'yan kasuwa su yi nazari a kai. A 2016 BUA ya sayar wa kamfanin Olam masana'antunsa na fulawa da taliya a kan dala miliyan 275, ya ce zai mayar da hankali kan sana'o'in da kayan sarrafa su suke cikin ƙasa, irin su siminti da sukari. Ya koma harkar fulawa daga baya, amma a lokacin da ginin siminti yake buƙatar kuɗi da hankali, ya iya sakin abu mai kawo riba. Maigidan da ke da shagon atamfa da gidan mai da tireloli biyu da gonar shinkafa a Wurno da takarar ɗan majalisa, kuma duka shi ke duba su da kansa, wannan sakin ne ya gagare shi.

Kalambaina ta kuma koyar da darasi na biyu, mai ɗaci. A farkon Oktoban 2023 BUA ya sanar da rage farashin buhun siminti a bakin masana'anta zuwa naira 3,500. Jama'a suka yi murna, aka yi ta sa albarka. Amma mai ginin ɗaki biyu a Arkilla ko Mabera bai ga wannan farashi a shagon unguwarsu ba. Kafin Fabrairun 2024 buhu ya kai naira 10,000 a wasu garuruwa. Daga baya Abdussamad ya yi wa masu hannun jari bayani cewa dillalai sun riƙa ɗauka a kan 3,500 suna sayarwa ninki biyu, ga kuma faɗuwar darajar naira, don haka ragin bai ɗore ba. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, abin da ya faru a fili yake: niyyar shugaba ta tsaya a ƙofar masana'anta, domin babu tsarin da zai raka ta har hannun mai saye. Idan haka ta sami kamfani mai wannan girma, ina ga mai shago ɗaya da ke zaton kyakkyawar zuciyarsa ta isa ta hana yaransa tauye mudu? Haka kuma, duk masana'antar siminti tana cin ƙasa tana tayar da ƙura, saboda haka ma'aunin aƙidarta na gaskiya yana wurin ƙauyukan da ke makwabtaka da ita, ruwan shansu da gonakinsu da aikin 'ya'yansu.

A ƙananan wurare ake gane ko aƙida ta shiga kasuwanci. Buhun albasa da aka cika a Kware ko Goronyo, aka jera manya a sama aka cusa ƙanana da masu ruɓa a ƙasa, zai yi tafiyar kwana biyu zuwa kudu, a zazzage shi a gaban mai saye, daga ranar kuma sunan albasar Sakkwato gaba ɗaya ne ya ragu. Hatsin da aka kulle a sito ana jiran azumi ya matso farashi ya hau, mai shi yana iya raba buhu ɗari sadaka a goman ƙarshe, amma abin da ya ɗora wa dubban gidaje ya fi abin da ya raba. Akwai mai gina masallaci da albashin direbansa na wata uku a wuyansa. Rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ya jarraba mutane da yawa: wasu sun bi ta daji da dare, wasu sun haƙura da ƙaramar riba suka juya ga shinkafar gida. Waɗanda suka riga suka yanke wa kansu abin da ba za su taɓa yi ba, ba su sha wahalar yanke shawara ba a lokacin.

Sai maganar buri, wadda aka fi yin shiru a kanta. Da yawa ba su taɓa zama sun tambayi kansu abin da suke son shagon ya zama nan da shekara ashirin ba. Riba na shigowa sai ta tafi fili, ta tafi sabuwar mota, ta tafi fastar siyasa. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, har yau yawancin fatunta barin jihar suke yi wasu su ƙarasa sarrafa su su ci ribar, alhali majema da dukawan garin suna nan da gwanintarsu. Aikin fata yana son mai jarin da zai ba shi shekara goma na rayuwarsa ba tare da waiwayen kwangila ba. Irin wannan haƙuri ba ya samuwa sai ga wanda abin da yake so da abin da ya yi imani da shi da abin da yake kashe yininsa a kai suka zama abu ɗaya.

Gyaran ba ya buƙatar taron bita a otal. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai, wanda ke nufin mai shago yana iya raba aljihunsa da na kasuwancin, kuma idan ta Allah ta kasance, magada su raba hannun jari bisa ƙa'idar gado maimakon su raba kanta da sikeli. Malaman Sakkwato, waɗanda ba a rasa su a kowace shiya, suna iya zama da 'yan kasuwa su fayyace yadda hakan zai tafi daidai da shari'a, kamar yadda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar take wayar da kai a kan fitar da zakka. Ƙungiyoyin kasuwa suna iya fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya ta ɗaukar yaron shago, da shekarun hidima da abin sallama a rubuce, shugaban layi da mahaifin yaro su sa hannu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta fara tun 1975, tana yaye masu ilimin lissafin kuɗi duk shekara, da yawansu 'ya'yan 'yan kasuwar ne, suna yawo da takardu suna neman aikin gwamnati alhali littafin shagon mahaifinsu ba mai riƙe shi. Ɗaya daga cikinsu, idan aka yanka masa albashi aka ba shi ikon buɗe littafin bashi da yanke farashi har zuwa wani adadi, ya isa ya sa a sallama wa mai saye kaya ranar da maigida yake asibiti ko yake Saudiyya aikin Hajji.